Ranar da Kawu Modu Ya Karanta Wuƙata

Ba zan taɓa mantawa ba, kuma ko na so in manta mutanen Gafasa ba za su bari ba, da safiyar da na tsaya gaban manoma ina yi musu wa'azin tsabtar kayan aiki, alhali abin da ke cikin aljihuna ya fi kwata ƙazanta.

Ni malamin gona ne. A Gaya nake zaune da iyalina, amma aikina a ƙauyukan Ajingi yake, kullum ina bisa babur. Aikin namu kuwa shi ne mu je mu gaya wa mutanen da suka gaji noma kaka da kakanni yadda ake noma. (Idan ka lura cewa irin wannan aiki yana son mutum ya riƙa sassauta murya, to ka fi ni hankali a wancan lokacin.)

Wuƙar da ta jawo min abin, yayana ne ya kawo min ita tsaraba. Direban babbar mota ne, yana zuwa kudu. Irin mai ninkewar nan ce da ake sakawa a aljihu, amma ba kamar waɗanda muka saba gani ba, da sai ka sa farce ka yi ta ja. Ita wannan akwai wani ɗan ƙulli a gindin ruwanta. Da ka ɗan tura shi da babban yatsa, sai wani sifirin da ke ɓoye cikin mariƙin ya karɓe aikin, ruwan wuƙar ya fito da kansa, ƙas! ya tsaya cak. Mariƙinta baƙi ne, ruwanta yana sheƙi, ga ɗan maƙalli da ake saƙala ta a bakin aljihu.

Gaskiya ƙas ɗin nan ne ya shiga kaina. Na zama mutumin da ke neman dalilin yanka abu. A majalisa idan zare ya fito a rigar wani, kafin ya kai hannu na riga na ce, “Tsaya, kada ka ja,” ƙas! Idan aka kawo kankana, ni ne. Idan za a kwance bakin buhun taki, ko igiyar tana warwarewa da hannu, sai na yanke ta. Na fere rake da ita, na yanka mangwaro, na ɓare goro, na gyara robar da nake ɗaure kaya a babur. Idan na gama sai in ɗan goga ta a gefen wando, in ninke, in mayar aljihu. Ban taɓa wanke ta ba ko sau ɗaya. A tunanina wuƙar da ke buɗe kanta ai za ta iya kula da kanta.

Akwai kuma wani aikin da take yi min wanda ba na faɗa a gida. Likita ya ce jinina yana hawa, ya hana ni kitse da gishiri mai yawa. Matata Falmata ta ɗauki maganar da gaske fiye da likitan kansa. Ni ma na yi mata alkawari, har da dafa ƙirji. To amma duk ranar kasuwar Gaya sai babur ɗina ya bi ta bayan tasha, wurin wani mai balangu, ni kuma ba na iya hana shi. Sai in ce a zaɓo min wajen mai kitse, in koma inuwa in zauna, in riƙa yayyankawa da wuƙata ina dangwala yaji. Kafin in isa gida in tauna kanumfari biyu. (Har yau idan na ji ƙanshin kanumfari sai in ji kamar ana kallona.)

Bayan wasu watanni sai wuƙa ta fara nawa. Ƙas ɗin ya rage ƙarfi. Daga nan sai ta riƙa fitowa rabi ta tsaya, kamar wadda ta fito ƙofar gida ta tuna ta manta wani abu. Sai na ɗan girgiza hannu sannan ta ƙarasa. Nan na shiga gyara, kuma duk matakin da na ɗauka sai da ya ƙara lalata al'amarin.

Da farko na hura mata iska da baki. Ba ta ko motsa ba. Sai na shiga kicin na ɗauko kwalbar man gyaɗa. Falmata tana tankaɗe, ta ɗago ta dube ni.

“Baban Ummi, man miya ne fa.”

“Mai ai mai ne,” na ce mata, na tsiyaya wa wuƙa a gaɓarta har yana ɗiga a ƙasa.

Kwana biyu ta yi tana buɗewa sumul, ni kuma ina yawo ina jin kaina injiniya. A kwana na huɗu sai ta fi da nauyi, ga danƙo. Ashe man gyaɗa idan ya zauna yana kama duk ƙurar da ke wucewa da duk audugar da ke cikin aljihu. Ban gane haka ba. Na ce man ne bai kai ƙarfinta ba. Da na kai babur juyen mai, sai na tsoma tsinke a cikin baƙin man da aka zubar, na ɗiga mata. Wannan kuma ya sa ta fara baƙanta min aljihun riga.

Daga nan na zauna na yi nazari irin na masana, na yanke hukunci cewa notin da ke tsakiyar gaɓarta ne ya saki. Na je wurin mai gyaran waya na ari ɗan ƙaramin sukundireba mai bakin tauraro, na ɗaure notin nan iya ƙarfina, har sai da jijiyar hannuna ta tashi. Sai wuƙa ta ce ita kam ta gama magana.

Falmata ta ga ina ta fama, ta ce, “Ka kai wa Kawu Modu mana. Ba ka ce jibi za ka Gafasa ba?”

Kawu Modu yayan mahaifiyarta ne, kuma shi ya ba ni aurenta. Kakanninsu daga Barno suka zo, suka zauna a Gafasa tun da daɗewa. Ya yi shekaru masu yawa yana gyaran keken ɗinki a kasuwanni, da girma ya kama shi sai ya koma gona. Mutum ne mai sanyin magana, wanda ko gaisuwa sai ka matso kafin ka ji amsarsa.

Na ce, “Haba Falmata. Wannan fa wuƙar Turawa ce, ba keken ɗinki ba.”

Ta ce, “To, Allah ya ba da sa'a.” Ta ci gaba da aikinta.

Washegari da rana na manta wuƙar a kan kujerar babur, rana ta gasa ta sosai. Da na ɗauka na tura ƙullin, sai ga ta ta buɗe, ƙas! Na ninke na sake, ƙas! Na shiga gida ina nuna wa Falmata, ina cewa, “Kin gani? Man ne sai yanzu ya ratsa ta.” Ban san zafin rana ne ya narkar da abin da ke ciki ba.

Abin da zai kai ni Gafasa kuwa, ƙungiyar manoma ce ta gayyace ni in koya musu auren mangwaro. Ga wanda bai sani ba, ana yanko ɗan reshe ne daga mangwaro mai kyan iri, a tsaga kan ɗan mangwaron gida da aka rena, a saka reshen a ciki, a naɗe da leda, su haɗe su zama bishiya ɗaya. Duk sirrin aikin yana ga yanka. Dole wuƙa ta zama mai kaifi, kuma mai tsabta, don datti kaɗan yana ruɓar da haɗin. Wannan kam gaskiya ne, kuma na san shi sarai. Har takarda na buga na rarraba, kanta an rubuta da manyan baƙaƙe: TSABTAR KAYAN AIKI.

Farkon damina ne, an yi ruwa da asuba, gari ya yi sanyi mai daɗi. Na sa farar riga, na hau babur, iska tana kaɗa ni tun daga Gaya har Gafasa, tana kuma kaɗa wuƙar da ke saƙale a aljihuna. A lambun shugaban ƙungiyar, Malam Idi, aka taru, ƙarƙashin wata babbar darbejiya. Maza sun zauna a kan tabarmi, mata suna gefe guda. A cikinsu na hango Yagana, ƙanwar Falmata, ta gaishe ni daga nesa. Na duba ban ga Kawu Modu ba, sai na ji wani ɗan sauƙi, don mutum ba ya sakewa a gaban suruki.

Bayan addu'a sai na ce kowa ya fito da wuƙar da ya zo da ita ya ajiye a kan tabarmar tsakiya. Wannan dabara ce da na ƙirƙiro da kaina, ina kuma alfahari da ita. Wuƙaƙe suka taru, manya da ƙanana. Wasu da suka makara suna ta miƙo nasu daga baya, ana karɓa hannu zuwa hannu. Na sunkuya na zaɓi wadda ta fi kowace muni a idona. Wata 'yar guntuwa ce, ruwanta ya yi baƙi, wasawa ta cinye shi har ya zama siriri, mariƙin kuma an naɗe shi da robar taya.

Na ɗaga ta sama da yatsa biyu, kamar na ɗauko mataccen ɓera.

“Jama'a, ku dubi wannan,” na ce. “Don Allah wannan wuƙa ce ko cuta? Wanda zai taɓa bishiya da wannan ai gara ya sa mata wuta ya huta. Irin wannan sakacin ne ya hana mu ci gaba. Mutum ya shekara hamsin yana noma, amma wuƙarsa ma ya kasa kula da ita.”

Wasu suka ɗan yi dariya, sai na ƙara samun ƙarfi. Na juya ta gaba, na juya ta baya, na ce ko akuya aka yanka da ita sai an sake bincike. Sannan na yi tambayar da har gobe nake da-na-sanin yinta.

“Wai ta wane ne ma?”

Na ga Malam Idi ya sunkuyar da kai yana wasa da carbinsa. Na ga Yagana ta ja mayafi ta rufe baki. Can daga baya, kusa da gindin bishiya, wata murya mai sanyi ta ce, “Tawa ce, Malam.”

Kawu Modu ne. Ashe yana cikin waɗanda suka makara, ya zauna a baya don kada ya katse ni.

Ban san yadda zan kwatanta abin da na ji ba. Sanyin nan da nake yabo ya ɓace, gumi ya tsattsafo min a ƙeya. Mai hankali da a nan zai durƙusa ya ba da haƙuri. Ni kuwa sai wata zuciya ta ce min, yi sauri ka wuce wurin, nuna musu abin mamaki su manta. Na ajiye wuƙar Kawu da hannu biyu, na ce, “To, wato, misali ne kawai.” Na zaro tawa daga aljihu, na ɗaga ta yadda kowa zai gani.

“Ga irin wadda ake so,” na ce. “Ni wannan, tun da na same ta, ba ta taɓa taɓa komai ba sai reshen bishiya. Ku lura da kyau.”

Na tura ƙullin.

Shiru.

Na sake turawa. Ko gezau. Sanyin safiya da iskar babur sun daskarar da duk abin da ke cikinta, ta zama kamar an yi mata walda. Na yi murmushi, na ci gaba da magana a kan muhimmancin kaifi, ina ta turawa a ɓoye da babban yatsa har ya fara zafi. Na girgiza hannu. Na sauya hannu. Na juya wa jama'a baya kaɗan, na sa hannu biyu.

“Ko tana da makulli ne, Malam?” in ji Malam Idi, cikin tausayi.

“Tana da shi,” na ce, “amma a buɗe yake.” (Sai da na duba sau uku ina roƙon Allah ya sa a kulle yake.)

Daga ƙarshe na sa farce na ja da ƙarfi. Farcen ya karye, ita kuma ta buɗe kamar faɗin yatsa biyu, ta tsaya. Wani baƙin abu mai yauƙi ya miƙe tsakanin ruwanta da mariƙin, ya yi tsawo, ya tsinke, ya sauka a gaban farar rigata. Wata tsohuwa a cikin mata ta ce, “Wayyo, ta yi amai.”

Ba a yi wata babbar dariya ba. Da an yi ma da ya fi min sauƙi. Irin shirun nan aka yi na mutanen kirki da ke ƙoƙarin kada su kunyata baƙo.

“Miƙo nan in gani, Malam,” in ji Kawu Modu.

Na cire takalmi, na ratsa mutane, na durƙusa na miƙa masa. Ya karɓa, ya juya ta a hankali, ya gwada makullin, ya kai ta hanci ya shinshina. Sannan ya sa hannu a aljihun babbar rigarsa ya fito da wani tsohon gwangwanin alewa. Da ya buɗe, sai ga ƙananan sukundirebobi a jere, da tsumma mai tsabta, da 'yar kwalbar man keken ɗinki. Ashe ya bar sana'ar ne kawai, kayan aikin bai taɓa barinsu ba.

Ya zaɓi ɗaya ya sa a notin tsakiya, ya gwada, ya ɗan ɗaga gira.

“Wa ya shaƙe ta haka?”

“Wani... wani mai gyara ne, Kawu.”

“Allah ya shirye shi,” ya ce. Jama'a suka amsa da amin. Ni ma na amsa.

Ya sassauta notin kaɗan, bai kai ko rabin zagaye ba. Ya ce wannan notin ba a son ya saki, ba a kuma son ya matse, daidai inda ruwan wuƙa zai yi yawo ba tare da ya yi lilo ba. Wani saurayi ya ce a kwance ta gaba ɗaya mana. Kawu ya girgiza kai.

“Akwai sifirin a ɗane a ciki. Idan ka buɗe ba ka san kwanciyarsa ba, zai yi tsalle, sai dai mu neme shi a gonar wani. Mu fara da abin da ido ke gani.”

Ya buɗe ta a hankali da hannu, yana kawar da yatsunsa daga hanyar kaifin. Ya karyo tsinken tsintsiya, ya ce a ba shi farar takarda. Babu wata farar takarda a wurin sai tawa. Haka na miƙa masa, ya shimfiɗa ta a gwiwa, TSABTAR KAYAN AIKI tana kallon sama.

Daga nan aka fara karatu. Ina rantsuwa ba da niyyar tozarta ni ya yi ba. Haka ya saba yi wa masu keken ɗinki, duk abin da ya ciro sai ya nuna ya faɗi sunansa don mai kaya ya kiyaye. Ya zura tsinke a cikin mariƙin, ya jawo wani dunƙule, ya shafa a takarda, ya duba.

“Wannan audugar aljihu ce. Kowa ma tana shigar masa.”

Na ce, “Haka ne, Kawu.”

Ya sake zurawa. “Wannan ɓawon rake ne. Ga danƙon ruwansa nan ya bushe.” Ya sake. “Wannan ja-jan goro ne. Wannan kuma ƙwayar kankana, rabi.” Ya murza wani abu tsakanin yatsu. “Man gyaɗa. Wannan baƙin kuwa na inji ne, wanda ya riga ya mutu.”

Mutane suka fara matsowa, har da na gaba suka juyo. Malam Idi ya sa tabarau. Darasin da na zo bayarwa ya koma wurin Kawu, kuma ban taɓa ganin manoma sun natsu a taro irin haka ba.

Sai tsinke ya kai can cikin gaɓar, inda sifirin yake. Kawu ya ɗan yi fama, sannan ya fito da wani farin abu mai kauri, ya kai girman ƙwayar wake. Ya shafa a takarda, ya shinshina.

“To ga mai laifin,” ya ce. “Kitse ne. Na rago. Da yajinsa.”

Ya sake zurawa, ya fito da wani. Ya sake, ya fito da wani. Ya jera su a ƙasan rubutuna.

“Wannan ba na rana ɗaya ba ne,” ya ce, kamar mai magana da kansa. “Hawa-hawa ne. Na ƙasa ya tsufa, na sama sabo ne, bai wuce kasuwar da ta gabata ba.”

Wani dattijo a gaba ya gyara zama, ya ce, “Ikon Allah. Malam, wace bishiya ce wannan mai kitse? A taimaka mana da irinta.”

A nan ne dariyar da aka daɗe ana riƙewa ta ɓalle. Har Malam Idi sai da ya cire tabarau ya goge ido. Ni dai ina durƙushe, ina kallon wata tururuwa da ke wucewa a kan tabarma, ina yi mata sha'awar ƙanƙanta.

Kawu bai yi dariya ba. Ya ce a kawo ruwan zafi da garin sabulu. Yagana ta shiga gidan Malam Idi ta fito da buta da kwano. (Na lura ta ɗan daɗe a ciki, amma ban kawo komai a raina ba.) Ya karyo ɗanyen reshen darbejiya, ya daddaka bakinsa da dutse har ya zama kamar asuwaki, ya riƙa tsoma shi a ruwan kumfa yana goge gaɓar wuƙar da cikin mariƙin, yana buɗewa yana rufewa a hankali. Ruwa ya yi baƙi, aka zubar, aka sake. Sai a na uku ya fito fes. Ya ɗauraye ta, ya yarfe ruwan, ya goge da tsumma, ya hura, sannan ya ajiye ta a buɗe a kan dutse, don rana ta fara fitowa.

“Sai ta bushe sarai,” ya ce. “Idan ka sa mai a kan ruwa, tsatsa ka gayyato. Kafin nan, Malam, ga mutane suna jira. Ka yi mana aikin da wannan, in za ta yiwu.”

Ya miƙo min 'yar guntuwar wuƙarsa.

Sai da na riƙe ta da niyyar aiki na gane abin da na zaga. Baƙin da na gani ba tsatsa ba ne, tsufan ƙarfe ne. Bakinta kuwa fari tas, babu ko ɗigon datti. Na goge ta da sifirit mai kashe ƙwayoyin cuta kamar yadda ƙa'ida ta ce, na ɗora a kan reshen mangwaro, kafin in danna ta riga ta wuce. Yanka ɗaya, sumul, kamar an goge. Tun da nake auren mangwaro ban taɓa samun yanka mai kyan wannan ba. Na yi guda uku ina bayani da ƙaramar murya, sannan manoma suka karɓa suna gwadawa. Abin mamaki, sun fi saurarona yanzu da rigata ke da tabo.

Da muka gama, Kawu ya ɗauko wuƙata daga kan dutse. Ya buɗe 'yar kwalbarsa, ya tsoma bakin allura, ya ɗiga ɗigo ɗaya a wannan gefen gaɓar, ɗaya a wancan. Shi ke nan. Ya motsa ta sau da yawa, ya goge abin da ya fito, ya ninke, ya miƙo min.

“Gwada.”

Na tura ƙullin da yatsan da ya kumbura. Ƙas! Har ta fi ranar da aka kawo ta. Tsohuwar nan ta ce, “Barka, ta samu lafiya.”

Bayan an watse na bi Kawu har inda ya jingine kekensa. Na durƙusa na ce, “Kawu, ku yi haƙuri. Wallahi ban san taku ba ce.”

Ya ce, “Da ta wani ce fa?”

Na sunkuyar da kai.

Ya ɗaure gwangwaninsa a bayan keke, sannan ya ce, “Tashi, ɗana. Abin da ka faɗa a kan tsabta gaskiya ne, kuma mun ƙaru. Ka dai riƙa tunawa kowace wuƙa a tabarmar nan da mai ita a zaune.” Ya kama kan kekensa. “Maganar kitse kuwa, ni ba za a ji daga bakina ba. Amma Yagana tana da waya.”

Tafiyar Gafasa zuwa Gaya ba ta taɓa yi min gajarta irin ta ranar ba. Na tarar da Falmata a tsakar gida tana tsince shinkafa. Ta yi min sannu da zuwa kamar kullum, ta kawo ruwa, ta kawo abinci. Sai da na kai loma ta biyu ta ce, ba tare da ta ɗago ba, “Ya mai jiki?”

“Wa?”

“Wuƙar. Na ji an yi mata aiki, an ciro abubuwa.”

Na ajiye cokali. Na fara haɗa wani bayani a kan yadda abokai ke aron wuƙar mutum, sai ta ɗago ta dube ni, bayanin ya watse.

“Baban Ummi,” ta ce, “shekara huɗu ina juya mahaifina a kan gado bayan jininsa ya hau ya kayar da shi. Ni na san yadda abin yake. Ba naman nake yi maka rowa ba.”

Ta koma kan shinkafarta. Duk dariyar Gafasa ba ta yi min nauyin wannan ba. Ranar na sake yin alkawari, wannan karon ban dafa ƙirji ba, kuma na fi riƙe shi. (Ban ce ban taɓa zamewa ba. Amma idan na zame ina faɗa da bakina, kafin wani ya tono.)

Yawancin mangwaron da muka aurar a lambun Malam Idi sun kama, wasu har sun fara 'ya'ya. Mutanen Gafasa kuma sun sa min suna Malam Reshe, kuma sunan ya bi ni har Kademi, inda ban taɓa ba kowa labarin ba. Kwanaki a can ina shirin fara bayani, wani manomi ya ɗaga hannu cikin ladabi ya ce, “Malam, kafin mu fito da namu, ko za a fara buɗe ta malamai?”

Na buɗe, ta kuwa buɗu, don yanzu duk ranar Juma'a nake wanke ta.

Abin da na koya dai shi ne, idan za ka tsaya gaban jama'a ka yi wa'azin tsabta, ka fara gwada kayanka a gida, da safe, cikin sanyi. Idan kuma har ka ƙudura za ka zagi wani abu a bainar jama'a, to ka fara tambayar mai shi tukuna. Ni da na bari sai daga baya, kun ji yadda muka ƙare.